Sallama a Ƙofar da Aka Rushe

New Bell, Douala
Farkon damina

Zuwa ga Inna Asta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin Liège, ya tsohuwar da kike jinya? Ina fatan gwiwar nan taki ta yi sauƙi. Mu nan alhamdulillahi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, unguwa ta koma yadda kika san ta, wanda ba shi da takalmin roba sai ya zauna gida.

Jikin Mama dai sai a hankali. Ba zan ɓoye miki ba, Inna, ƙafafun sun kumbura, in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta huta. Likita ya ce zuciya ce, a lallaɓa ta. Ni fuskarsa na kalla, ba bakinsa ba, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba.

Abin da ke tsakaninku yana nan inda kika bar shi. Tun ranar da aka binne Iya, mahaifiyarku, ba tare da kin zo ba, Mama ta rantse ba za ta ƙara amsa miki ba sai kin zo ƙofar gidan mahaifinku kin yi sallama da bakinki. Ta san takardunki na zama a can ne ba su fito ba, ta san in kin fita ba komawa. Liman ma ya ce ta yi kaffara ta huta, ta ce ita ba ta rantse don ta warware ba. Sai ga masu faɗaɗa magudana bara sun kwashe gidan, ƙofar da za a yi sallamar ma babu. Yanzu ruwan kwata ke wucewa inda ɗakin Iya yake.

To ga abin da na yi, kada ki yi mini dariya. A ofishinmu na Akwa, inda nake zanen gine-gine, akwai wata manhaja da muke zagayawa da masu gini cikin gidajensu tun kafin a sa bulo. Duniya ce guda a cikin kwamfuta. Kowa da mutum-mutuminsa, yana tafiya, yana shiga ɗaki, yana magana da muryarsa ta gaske. Ni kuwa na samu fili a ciki na sake gina gidanmu, da zauren, da rijiyar, da katakon da muke takawa mu tsallake kwata.

Na nuna wa Mama. Ta taɓe baki ta ce wasan yara. Can kuma sai ta ce, "Rijiyar ba nan take ba, matsar da ita kusa da madafa." Inna, tun daga ranar kullum sai ta sa na kunna mata. Jiya na yi ƙarfin hali na ce, in Inna Asta ta zo wannan ƙofar fa? Sai ta ce, "Ni ba kurma ba ce."

Shi ya sa na rubuto maimakon in kira, don ki ajiye wasiƙar gabanki ki bi a hankali. Na buɗe miki suna, na aiko da shi a ƙasa tare da inda za ki sauke manhajar. Kafin ki shiga, ki je Préférences, ki ja Graphiques ƙasa, ki kashe inuwa, don kwamfutar nan taki ta girme ni. Ki haɗa ta da caja, in ba haka ba sai ta yi ta ja da ƙafa. In kin shiga kin ga komai fari-fat ko toka-toka, kada ki taɓa komai, hotuna ne ke saukowa, ki je ki dafa shayi ki dawo. Maɓallan kibiya su ne tafiya. Na saka miki alamar wuri mai suna Gida, ki danna Téléporter, za ki tsinci kanki a bakin layi.

Ki fara zuwa ke kaɗai ki saba, kada ki zo wa Mama kina tuntuɓe.

'Yarki,
Rahinatu

*

Liège

Rahina 'yata,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Gwiwa da sauƙi. Tsohuwar tana nan, ba ta san sunana ba har yau, amma in wata ta ba ta abinci ba ta ci. Allah ya ba Yaya Lauratu lafiya. Ba zan ce ki gaishe ta ba, na san gaisuwar a hannunki za ta kwana.

Na shiga duniyar taki. Kai, Rahina, Allah ya shirye ki! Wace irin 'yar tsana kika ba ni? Kai ba ɗankwali, ƙugu kamar na zanzaro. A haka zan je gaban Yaya? Ai ko rantsuwar babu sai ta kore ni. Ki nemo mini zane da mayafi tun da wuri.

Na danna abin da kika ce, na ga kaina a layi. Na sa ƙafa zan hau katako, sai na zarce cikin kwata. Na yi ta danne-danne don in fito, ban san abin da na taɓa ba, sai ga ni a sama ina shawagi kamar shirwa, ba abin da nake gani a ƙarƙashina sai fari-fat. Na yi ta salati ni kaɗai a ɗaki har tsohuwa ta buga ƙararrawa.

Da ƙyar na sauko. Sai dai ƙofar kawai nake gani da ɗan bangon da ke gefenta, bayan nan ba komai, fili fetal. Amma ƙofar ce, Rahina. Shuɗin fentin nan da Baba ya roƙo a tashar jiragen ruwa, da inda ya ɓare wajen sakata. Ina kika samo wannan? Na zauna ina kallonta har shayin da kika ce in dafa ya huce. Ban shiga ba. Ƙafata ta ƙi, ko da yake ba ƙafata ba ce.

Nan garin ma ana ruwa, amma ruwan marar murya ne, sai dai ki gan shi a taga. Shekarun nan duka ban ji ruwa a kan kwano ba. Da, in ya kece da yamma, Iya takan ce a shigo da kaskon suyar makala, fanken nan namu, zaure, mu zauna ni da Yaya muna tsame na gefe tana kai mana duka da matsami. Ba ma jin faɗanta don ƙarar kwanon. Wallahi ina kewar har dukan.

Akwai abu ɗaya da kika manta. Ƙusar da ke bayan ƙofa, inda Baba ke rataye laimarsa. Ki tambayi Yaya, ita ce ta taɓa yage hannun rigar sallarta a jiki ta ce ni ce.

Ki gaya mini ranar da zan zo. Ina tsoro, ba zan yi miki ƙarya ba.

Innarki,
Asta

*

New Bell

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Mama ta kwana biyu ba ta jin daɗi, amma yau ta sha kunu. Ni ma na sha dukan ruwa a kan bensikin, acaɓar nan tamu, tun daga Ndokoti, mura na neman kayar da ni.

Na yi dariya har mai gidan ofis ya leƙo. Shawagin nan maɓallin F kika taɓa, ki sake taɓa shi za ki sauko, kuma daga yau ki nisance shi. Katakon na faɗaɗa miki. Abin da ya sa ƙofa kawai kike gani, nisan gani ne kika ja har ƙarshe. Ki koma Graphiques, ki ɗan ɗaga Distance d'affichage kaɗan, ba da yawa ba, sai mangwaron tsakar gida ya fito. Zane da mayafi suna cikin jakarki ta Inventaire, ki danna dama a kansu ki zaɓi Porter. Atamfar irin ta bikin Mama ce, ita ta zaɓa, ta kuma ce kada in gaya miki.

Na sa ƙusar. Na tambaye ta, ta ce, "Ƙarya take yi, ita ta ture ni." Inna, wannan ne karo na farko da ta yi maganarki ba a tambaye ta sau biyu ba.

Sai batun murya. Ki sayi casque, abin sawa a kunne, mai makirufo, kada ki dogara da na jikin kwamfuta, sai ya yi ta amsa-kuwwa. Ki je Son, ki kunna Voix, ki zaɓi casque ɗin, ki yi magana. In kin ga koren layi yana motsi, makirufo na aiki. A nan kuma ki ɗaga Ambiance. Ba zan gaya miki dalili ba, ki ɗaga kawai.

Ranar Lahadi bayan la'asar. Na zaunar da mutum-mutumin Mama a ƙofar ɗakin Iya, daga nan ana hango bakin zaure. Ta kafa mini sharaɗi: ba zan rubuta miki komai a allo ba, ba zan yi miki iso ba. Ta ce ba a koya wa babba sallama.

Allah ya kai mu.

Rahinatu

*

New Bell
Tsakiyar damina

Inna Asta,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ba yabo ba fallasa, an kwantar da Mama asibiti makon jiya, an sallamo ta da magunguna cike da leda.

Na kira ki ba ki ɗauka, na rubuta ba amsa. To bari in faɗi abin da ke cina, in na yi rashin kunya ki yafe mini.

Lahadin farko Mama ta yi wanka, ta sa turare, ta ɗaura kallabi, kamar mai jiran baƙon da zai ji ƙamshin. Na ɗora mata kwamfuta a kan matashi. Muka gan ki kin tsallako katako cikin atamfar, kin tsaya a bakin ƙofa. Ta riƙe hannuna. Kika tsaya, kika tsaya, ko uffan. Sai kika ɓace.

Na ce mata koneksiyon ne. Lahadi ta biyu ma haka. Kin zo, kin ƙare wa ƙofa kallo, kin tafi. Ta ce in rufe. Ta ce, "Ta zo har ƙofa, amma bakinta ya fi ƙarfin sallama. Dama tun tana yarinya haka take, a mutu ko a yi rai ba ta fara magana." Ta juya wa bango fuska. Tun ranar ba ta sake cewa in kunna mata gidan ba, ko rijiyar ba ta tambaya.

Haba Inna! Kalma nawa ce? In so kike ita ta fara, wallahi kin san ba za ta fara ba, kuma lokacin da kike gani kamar akwai shi, babu. Da na san haka za a yi da ban gina ba. Da can fushi kawai take yi, yanzu kuwa kuka take yi in ta ɗauka na yi barci.

Ki ba ni amsa ko da zagi ne.

Rahinatu

*

Liège

Rahinatu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Yaya sauƙi. Ni lafiyata lau, in ana kiran wannan lafiya.

Na ga kiranki. Ban ɗauka ba don ba na son in yi kuka a kunnen 'yar da na goya. Amma wasiƙar nan taki ta ɗaure mini kai, ta kuma ƙona mini rai. Ni ce ban yi sallama ba? Ni?

Na yi alwala kafin in zauna. Na sa casque, na ga koren layin naki yana motsi. Na ɗaga Ambiance, sai na ji ruwa a kan kwano. Ashe abin da kika ɓoye ke nan. Sai da na cire tabarau na goge. Na taka katakon ban faɗi ba, na tsaya, na hango ta zaune a ƙofar ɗakin Iya. Na ce salamu alaikum. Shiru. Na sake, na ɗaga murya har da sunanta. Shiru. Na yi ta uku.

Ke yarinya ce, ba ki tashi a hannun Baba ba. Shi ya koya mana, sallama uku ce. In ba a amsa ba, ka juya, masu gida ba sa son ganinka, kuma ba ka da ikon tambayar dalili. Ya taɓa barin ƙaninsa a bakin ƙofar nan cikin ruwa, mutumin ya juya bai ce komai ba. To ni ma na juya. Na ce wataƙila ba ta shirya ba, na dawo Lahadi ta biyu, na sake yin uku. Tana zaune tana kallona.

Da can da ba ta amsa wayata, ina cewa rantsuwa ce ta ɗaure ta. Yanzu na zo ƙofar da ta ce, na yi abin da ta ce. Sai na gane ba rantsuwar ba ce, ni ce ba ta so. Wannan ya fi mini rashin Iya ciwo, Allah ya sani.

Ban goge manhajar ba. In tsohuwa ta yi barcin rana nakan shiga in tsaya a layi daga nesa, in saurari ruwan. Ba na matsawa kusa da ƙofa.

Asta

*

Akwa

Inna! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ko gaisuwa ba zan tsaya yi ba, a ofis nake. Ba mu ji ki ba! Wallahi tallahi ko tari ba mu ji ba!

Koren layin nan gwaji ne kawai, yana nuna makirufo na da rai. A cikin duniyar kuwa, murya ba ta fita sai kin danne maɓallin Parler da ke ƙasan allo, ki riƙe shi da souris, linzamin kwamfuta, har ki gama magana. In kin saki, kin koma bebiya. Yatsana ya saba da shi har na manta ana koyar da shi. Na koya miki ɗaura zane, na koya miki sauka daga sama, na bar wannan. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama.

In kin danne daidai, za ki ga ɗigo kore a saman kanki yana buɗewa. Kada ki ce komai sai kin gan shi.

Yanzu zan hau bensikin in je in karanta wa Mama wasiƙarki. Kada ki jira Lahadi. Gobe bayan la'asar, don Allah, don Annabi.

Rahina

*

New Bell

Inna,

Barka da war haka. Na san kin ji abin da kika ji, amma ba ki ga abin da na gani ba, kuma ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba. Mama ta yi barci tun kafin magariba, numfashinta a kwance, rabon da in ga haka tun kafin azumi.

Na karanta mata wasiƙarki jiya har na kai wajen sallama uku. Ta ce, "Sau biyu ta zo? Shida ke nan." Ta dube ni ta ce, "Ke da boko ɗinki." Da asuba na tarar ta fito da kallabin.

Da kika tsallako katako, na ga ɗigon ya buɗe a kanki, muryarki ta cika ɗakin. Mama ta rufe ido. Ba ta amsa ba. Kika yi ta biyu, nan ma shiru. Na ce Mama, saura ɗaya fa, za ta juya! Ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bari in ƙara ji. Muryar Iya gare ta yanzu."

Kika yi ta uku. Ta buɗe baki ta amsa, sai na ga ita ma ba ta danne ba! Na kai hannu, ta buge shi. Ta ce, "Ni na rantse, ni zan danna." Yatsun nan sun kumbura, souris na zamewa, ni kuma ina ganin 'yar tsanarki ta fara juyawa. Ta haɗa hannu biyu ta danne.

Sauran kin sani. Abin da ba ki sani ba, har kuka gama faɗa a kan ƙusar nan ba ta saki maɓallin ba. Na ce ta saki in ke ce ke magana, ta ce a'a, kada ya sake rufewa.

Akwai inda ake dannawa a sa ki riƙa farkawa a cikin ɗakin Iya kai tsaye duk lokacin da kika shiga, ba sai kin bi ta layi ba. In kina so in nuna miki.

Rahinatu

*

Liège

Rahina 'yar albarka,

Ina lafiya, lafiya ta gaske wannan karon. Ki shafa mini ƙafafun Yaya da man zafi, ki ce ni na ce, yanzu gaisuwata ba za ta kwana a hannunki ba.

Na riga na juya, kin gani. Yatsana na kan kibiya. Sai na ji wani abu ya buɗe a kunnena, ba magana ba, numfashi. Numfashi mai nauyi, da fanka na kaɗawa, da wani mai bensikin yana zagi a waje. Sannan ta ce, "Wa alaikumus salam. Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa." Na shiga na yi karo da bango sau biyu, ban ga hanya ba, kuma ba laifin Graphiques ba ne.

Na ji yadda take hutawa tsakanin kalma da kalma. Ba sai likita ya gaya mini ba. Don haka kullum bayan la'asar zan zo, na roƙi 'yar tsohuwar ta riƙe mini wannan lokacin, ta yarda.

Abin nan da kika ce na farkawa a cikin ɗaki, kada ki nuna mini. Ki bar ni a bakin layi. Ina so in taka katakon, in tsaya a ƙofar Baba, in yi sallama, in ji an amsa. Muddin tana iya danna maɓallin, ki bar ta ta danna da kanta. Ranar da ba za ta iya ba, ke ki amsa mini, Rahina, kada ki bari in kai uku.

Innarki,
Asta